Karkashi: Tsiron da Hauya Take Tsallakewa

A gonakin gero na arewacin Jihar Katsina, tun daga Kaita da Mashi har Daura, Sandamu, Zango da Ɓaure, akwai tsiron da ba kasafai ake shuka shi ba, kuma ba kasafai ake nome shi ba. Mai noma yana tafe da hauya yana kashe duk abin da ba gero ba ne ba wake ba, amma da ya iso kansa sai ya kauce. Idan ɗan ƙwadago ne baƙo, mai gona yakan ja masa kunne tun da safe: "Wancan ka bar shi, na miya ne." Karkashi ke nan, wanda wasu ke ce wa kalkashi, wasu kuma yoɗo, musamman can wajen iyaka da tsallakenta. Bai kai matsayin amfanin gona ba, bai kuma faɗa sahun ciyawa ba. A wannan tsakanin yake rayuwa, kuma duk wanda ke son ya fahimci dalilin da ya sa yake yawa a wata gona ya ɓace a ta kusa da ita, to daga nan ya kamata ya fara.

Ɗan'uwan riɗi ne na jini. Masana tsirrai sun sa su gida ɗaya, gidan da suke kira Pedaliaceae. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Stephan Endlicher ne ya raɗa masa sunan kimiyya, Ceratotheca sesamoides, a shekarar 1832, sannan a 2018 wasu masana suka mayar da shi cikin zuriyar riɗin kanta saboda kusancinsu ya wuce yadda aka zata. Sai dai a kasuwa da ɗakin girki sunan karkashi ba tsiro ɗaya yake nufi ba. Akwai wani riɗin daji, Sesamum radiatum, mai miƙewa tsaye ya yi tsawo, wanda shi ma ake miya da ganyensa ana kiransa da sunan nan. Da zarar an shanya an daka, rarrabe su sai gwanaye. Wanda muke magana a kai shi ne mai kwanciya, na jigawa.

Shekara ɗaya yake yi, ko ma a ce damina ɗaya. Daga gindi guda yakan fitar da rassa da dama, wani lokaci goma ko fiye, su bazu a kan rairayi ta kowace fuska, bakin kowane reshe ya ɗan ɗaga sama. Inda ya sami taki da danshi, ko ya matsu a tsakanin wasu tsirrai, yakan miƙe ya doshi mita guda, amma a filin Allah mai rairayi ba ya wuce gwiwa. Kara da ganye duk da gashi mai laushi. Ganyen ƙasa faffaɗa ne, mai kusurwa uku-uku da haƙora a gefe, na sama kuwa siriri ne. Furen yana fitowa ɗaya-ɗaya daga hammatar ganye, ruwan hoda ko mai ɗan shuɗi-shuɗi, da zane-zane masu duhu a leɓensa na ƙasa. Duk wanda ya san furen riɗi zai gane dangantakar nan take. Da sassafe yake buɗewa, kuma ko da yake ƙudan zuma na ziyartarsa, yana iya yin barbara da kansa, abin da ke nufin gindi ɗaya tak a gefen gona ya isa ya bar iri. Kwanson ɗan ƙarami ne, tsawonsa santimita 1 zuwa 2, shafaffe, da 'yan ƙahoni a kusurwoyinsa na sama. Da waɗannan ƙahonin ake bambanta shi da riɗin daji, wanda kwansonsa dogo ne mai tsini ɗaya. 'Ya'yan baƙaƙe ne idan sun nuna, kuma suna da mai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu, mai kama da man riɗi. A wasu ƙasashen ana cin su. Mu dai ganyen muka sani.

Yanzu ga abin da ya sa ake ƙyale shi a gona: yauƙi. Yauƙin karkashi ba irin na kuɓewa ba ne, kuma bambancin yana da muhimmanci ga mai girki. Na kuɓewa a cikin ɗan yake, sai an yanka ko an daka yake fita. Na karkashi a waje yake, a jikin ganye. Idan aka duba bayan ganyen da gilashin ƙara girma za a ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo farare. Wani irin gashi ne gajere, kowanne da kai mai ɗakuna huɗu, cike da wani sinadari dangin sukari mai dogayen sarƙoƙi. Muddin a bushe yake ba ya motsi. Da ruwa ya taɓa shi sai ya sha, ya kumbura, ya fashe, sarƙoƙin su warware su riƙe ruwa mai yawa. Shi ya sa ko ruwan sanyi ka jiƙa ganyen a ciki, ba wuta ba daka, cikin ɗan lokaci ruwan zai yi santsi.

Daga wannan siffa ɗaya ne kusan duk ƙa'idojin miyar suka fito, ko da masu girkin ba su taɓa ganin gashin ba. Ba a yanka ɗanyen karkashi sannan a wanke, domin yauƙin zai bi ruwan wankin. Ba a zuba shi da wuri a bar shi yana ta tafasa, domin doguwar wuta tana tsinka sarƙoƙin, miya ta tsinke ta koma ruwa. Tsami ma haka yake yi masa, don haka ba ya shiri da tumatir mai yawa. Abin da aka saba shi ne a dafa ruwan miya tukuna, da daddawa da barkono da busasshen kifi ko nama, wasu har da ɗan wake da aka dafa ya yi lugub, a jefa 'yar kanwa ko a tsiyaya ruwan toka, sannan a rage wuta a barbaɗa garin karkashi ana kaɗawa da maburgi. Ba a rufe tukunya. Batun albasa kuwa har yau ba a gama shi ba: wasu matan sun rantse tana kashe yauƙi, wasu suna sa abarsu miya ta ja yadda ake so. Ni dai na fi zargin wuta da albasa.

Sau da yawa ana kiran karkashi tsiron hamada, kuma a nan akwai gyara. Ba ya rayuwa a tsakiyar Sahara inda ake shekara ba a ga ɗigon ruwa ba. Gidansa shi ne bakin hamada da filayen ciyawa masu rairayi, daga Senegal zuwa Sudan, ya gangara gabashin Afirka har ƙasashen kudanci irin su Mozambik da Botswana. Ƙasar Daura da arewacin Katsina, inda ruwan shekara ke kai-kawo tsakanin milimita 500 da 700, kusan duka cikin wata huɗu daga Yuni zuwa Satumba, ta faɗo daidai cikin abin da yake so. Kuma dabararsa ba ta jure fari ba ce irin ta aduwa ko tumfafiya, masu tsayawa kore a tsakiyar bazara ana zafin digiri 40. Shi gudun fari yake yi. Watanni bakwai ko takwas na rani yana kwance cikin rairayi a matsayin ƙwaya. Ruwa na sauka ya tsiro, ya yi ganye da sauri, ya yi fure, ya zubar da iri, kafin iskar hunturu ta kankama ya gama aikinsa ya bushe. Ƙwayoyin ma ba sa tsirowa gaba ɗaya a ruwan farko, wasu sukan jira. A ƙasar da ruwan shuka kan yaudari manomi, a yi ruwa ɗaya sannan a ɗauke mako biyu ko uku har gero ya ƙone a sake shuka, wannan jinkirin shi ne ke hana zuriyar ƙarewa.

Kwanciyar da yake yi ma tana da amfani gare shi. A tsakar rana saman rairayi yakan wuce digiri 50, amma ƙarƙashin rassan da suka bazu ƙasa tana da inuwa, danshi ba ya saurin tashi, saiwar da ta nutsa tana samun abin sha bayan sama ya bushe. Iska ba ta kayar da abin da ke kwance. Abin da ba ya so biyu ne: ruwa ya kwanta masa, da inuwa. A laka ko fadamar da ke riƙe ruwa saiwarsa ruɓewa take yi, a ƙeƙuwa kuma ba ta samun hanyar shiga. Shi ya sa za a gan shi a saura, da gefen burtali, da kan iyakar gona, da tsakanin kunyoyin gero inda shukar ta yi tazara, amma a gonar masarar da aka cika wa takin zamani ta rufe ƙasa ruf, irin ta wajen Funtuwa da Bakori, sai an neme shi.

Lokacin da yake bayar da ganye shi ne ya ɗaga darajarsa. Kimanin mako shida bayan tsirowa ake fara tsinka, wato ƙarshen Yuli zuwa Agusta, tsakiyar marka. A ƙauye wannan ne lokaci mafi wuya a shekara: rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada, aikin gona kuma ya kai maƙura. Ganyayen da Allah ke fitarwa ba tare da an sayi iri ba su ke riƙe gida, tafasa da lalo da gasaya da yaɗiya da rama. Tafasa da rama ana kwaɗa su da ƙuli-ƙuli a ci a ƙoshi. Karkashi aikinsa daban ne. Ba ya cika ciki, amma yana sa tuwo ya wuce. Ɗan kaɗan ya ishi tukunya, ba ya neman mai da yawa, kuma yaro ƙarami ko tsoho marar haƙori ko majinyaci na iya haɗiye tuwon gero ko na dawa da shi ba wahala. A shekarun fari irin na 1973 da 1984, lokacin da gero ya gaza a faɗin yankin nan, irin waɗannan tsirrai masu gama rayuwarsu da ruwa kaɗan suna cikin abin da mutane suka koma wa.

Ta fuskar gina jiki, ganye ne kamar sauran ganyaye masu duhun kore: akwai sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini, da na ƙarfafa ƙashi, da wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A, da ɗan furotin. Amma kada a zuzuta. Cokali biyu ko uku na gari a tukunyar gida guda ba zai warkar da ƙarancin jini ba, kuma ƙarfen da ke cikin ganye jiki bai iya zuƙarsa kamar na nama da kifi. Sannan ga kanwa. Ita ce ke tausasa ganye, ta riƙe korensa, ta taimaki yauƙi, amma ita ce kuma ke lalata bitamin C da B1. Gishiri ce mai nauyi, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. 'Yar wadda ake jefawa a miya ba ta kai wannan ba, amma mai hawan jini da ke cin miyar yauƙi kullum ya kamata a sassauta masa hannu.

Abin da ya mai da karkashi haja, ba abincin marka kaɗai ba, shi ne yadda yake karɓar shanya. Ganyen na bushewa da sauri, kuma yauƙin ba ya mutuwa, yana nan a ƙunshe har sai ya sake haɗuwa da ruwa, ko bayan watanni. Mata kan tara shi da kaka, su shanya, su murje, su ajiye a tulu ko buhu, a ci har wata daminar, rarar kuma a kai kasuwa a auna da gwangwani ko tiya. A kasuwannin iyaka irin na Mai'aduwa da Jibiya busasshen ganye na cikin kayan da ke ƙetarowa daga ɓangaren Nijar, inda jigawa ta fi faɗi. A nan ne kuma babban aibinsa yake fitowa, wato ƙasa. Tsiron da ke kwance, mai gashi, duk ruwan da aka yi sai ya fantsama masa rairayi, ga shi ba ya wankuwa yadda ake wanke alayyafo. Idan aka ƙara da shanya a ƙasa ko a bakin kwalta, to an gama. Masu hankali bakin rassan da suka ɗaga suke tsinka, su shanya a tabarma, su bushe shi sarai sannan su kakkaɓe su tankaɗe, rairayin ya zauna a ƙasa. Shanyar inuwa ta fi ta rana: ganyen yana fita kore shar, wanda aka gasa a rana kuwa yakan koɗe, kuma abin da ya koɗar da launin ya tafi da wani kaso na bitamin ɗin. Mai saye da ya san kan abin launi yake fara dubawa, sannan ya murza kaɗan a tafin hannu da ɗigon ruwa.

Wankin kai da karkashi tsohon abu ne a wurin matan Hausa, tun kafin sabulun kanti. A jiƙa ganye, a tace, a cuɗa gashi da ruwan, santsin ya sa tsifa da taza su yi sauƙi, gashi bai karye ba. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne wannan ganyen ya shiga kasuwar duniya ta wata ƙofa. Ana sayar da shi a intanet da sunan ambunu, a matsayin sirrin gashin matan Chadi, a ƙulla shi a 'yar leda mai kyau a aika Amurka da Turai ga mata baƙar fata masu gudun man gashi na kamfani. Tsiro ɗaya ne da wanda ke kwance a bayan garinmu. Chadi ta riga ta yi suna a kansa, kuma ba don nata ya fi yauƙi ba, sai don wasu sun tsabtace, sun ƙulla, sun ba shi labari. Har a biranenmu akwai masu sayen ambunu da tsada alhali suna wuce karkashi a kasuwa.

Ta wajen magani, abin da hankali ya kama shi ne duk aikin da santsi zai yi. Yana tausasa ciki ga mai fama da bushewar bayan gida. Makiyaya na shafa ruwansa a hannu idan za su taimaki akuya ko saniyar da haihuwa ta zo wa da gardama. A yankunan da ake man kaɗanya akan zuba ruwan ganyen a tukunya don mai ya rabu da tuƙa. Akwai kuma masu ɗiga ruwansa a idon da ya yi ja, kuma wannan ban goyi baya ba ko kaɗan: ganyen da ya kwanta a ƙasar da dabbobi ke bi, aka jiƙa shi a ruwan da ba a dafa ba, ba abin sa wa a ido ba ne. Raƙuma da awaki da tumaki kuwa suna cinsa da marmari, abin da ya sa na burtali ba ya daɗewa.

To me ya sa mata a wurare da dama suke cewa sai sun yi nisa kafin su cika ƙwarya? Dalili na farko ƙasa ce. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8 a faɗin da bai wuce murabba'in kilomita dubu 24 da 'yan kai ba, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin. Saura, wato gonar da ake bari ta huta shekara biyu ko uku, kusan ta zama labari a kewayen Katsina da Daura. Burtali ya tsuke, gefen gona an nome shi har iyaka. Na biyu rashin tsaro: a Batsari, Safana, Ɗanmusa da Jibiya, wuraren da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, mace ba ta shiga daji neman ganye yadda uwarta ta yi.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran cin karkashi a hankali, shi ne maganin feshi. Hauya tana da ido, domin akwai mutum a bayanta da ke zaɓen abin da zai kashe. Feshi ba ya zaɓe. Maganin da ake fesawa kafin shuka yana ƙone duk abin da ya tsiro, wanda ake fesawa bayan shuka yana hana ƙwayar da ke ƙasa fitowa, kuma tsiro mai faffaɗan ganye irin karkashi yana cikin na farkon faɗuwa. Shekara ɗaya ba ta gama da shi, saboda irin da ke kwance a ƙasa. Amma idan aka jera shekaru ana fesawa, ba sabon iri da ke zuba, ajiyar ƙasa sai ta ƙare. Ba za a ga laifin manomi ba: kuɗin ƙwadago ya hau, matasa sun tafi ci-rani, kwalbar magani ta fi 'yan noma arha. Sai dai lissafin da ake yi bai cika ba, domin wanda ke yanke shawarar feshi ba shi ke neman kayan miya ba. Maigida ya rage kuɗin noma, uwargida ta koma sayen abin da take tsinka kyauta, kuma ba wanda ya haɗa lissafin biyu wuri ɗaya. A gidan da ake shawara, magana ɗaya ce ke raba gardama: "Malam, a bar mana gefen gabas kada a fesa." Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba, na yaran da ake aika tsinkar ganye su shiga gonar da aka fesa jiya ba su sani ba.

Idan jinƙan hauya ya ƙare, abin da ya rage shi ne a shuka shi da gangan, kuma ba sabon abu ba ne, a wasu sassan Afirka ana shuka shi tare da dawa da kuɓewa da wake. Ba ya neman abin da manomin Daura ba shi da shi. Kunya biyu ko uku a gefen jigawa, ko wani lungu a bayan gida inda rana ke samu, da ɗan takin gida. Ƙwayar ƙarama ce, don haka a gauraya ta da rairayi a yafa sama-sama, kada a binne da zurfi, in ta fito a rage cunkoso. Tsinkar bakin rassa tana sa ya ƙara reshe, cire fure kuma yana tsawaita lokacin ganye, har a yi ta ɗiba sau da yawa a gindi ɗaya. Da ban-ruwa yana yi da rani, lokacin da ɗanyen ganye ke da kuɗi. Riɗi ya sami gata, Cibiyar Binciken Hatsi ta Badeggi ta fitar masa da ingantattun iri saboda ana fita da shi waje, ɗan'uwansa kuwa iri sai wanda mace ta ƙulla a tsumma. Aiki ne da ya dace da ɗaliban noma da na tsirrai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-ma: a tattaro iri daga ƙauyuka, a gwada wanne ya fi ganye, wanne ya fi yauƙi, wanne ya fi ɗaga kai daga ƙasa.

Wahalar da mai son shukawa zai fara cin karo da ita ita ce tara irin. Kwansunan ba sa nuna lokaci ɗaya, na gindi ya bushe ya tsage ya zubar tun na sama yana fure. Wanda ya jira duka su bushe zai tarar da kwanso wayam. Dabarar ita ce ta masu riɗi: a ware 'yan gindi tun farko a daina tsinkar su, idan kwansunan ƙasa suka fara yin ruwan ƙasa a yanke tsiron gaba ɗaya, a ɗaure, a jingine a kan tabarma ko buhu a inuwa har ya ƙarasa bushewa, sannan a kakkaɓe. A ajiye a kwalba ko gora mai murfi, a wurin da danshi ba ya kai wa, zuwa ruwan shuka.